Ƙwaryar Jitar Kawu Ishaya

Na manta da abubuwa da yawa na shekarar da na gama sakandare, har da rabin abin da na haddace saboda jarrabawa, amma ba na jin zan taɓa mantawa da Lahadin godiyar girbi ta wannan shekara. Ko ni na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bari ba. Har yau in na je gida na sauka daga kan babur, sai an sami wanda zai dafe cikinsa ya tambaye ni ko na taho da maganin.

Sai na fara gaya muku irin mutumin da nake. Ni mai kunya ne. Ba irin kunyar nan ta tarbiyya da iyaye ke yabawa ba, irin wadda in malami ya kira sunana a aji sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, harshena ya manne. Na fi sakewa da littafi a kan mutane, domin littafi ba ya kallon mutum. Ina da wani littafin rubutu mai baƙin bango da nake zuba komai a ciki: ranar da aka yi shuka, ranar da akuya ta haihu, kwanakin da batirin tocila ke yi kafin ya mutu. Saboda shi Mama ke kirana Akawu. (Ku riƙe littafin nan a ranku. Shi ya yi aikinsa, ni ne ban yi nawa ba.)

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Funtuwa, sai an ratse daga titi an kutsa cikin gonakin dawa da auduga. Cocinmu ƙarami ne, rufin kwano, ba silin, ba lantarki. Tun da na buɗe ido abin kiɗanmu uku ne: tulunan da matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, ke bugawa, caki, da jitar Kawu Ishaya.

Kawu Ishaya yayan Mama ne, manomi, mai sanyin magana. Jitar ta girme ni nesa ba kusa ba, har wurin da hannunsa ke gogawa ya koɗe ya yi fari. Matsalar ita ce ciwon gaɓɓai ya kama masa yatsu, ya daina iya kaɗa ta da ƙarfi. Kowace Lahadi yana zuwa da wuri, ya zauna a kujerarsa ta gaba ya daidaita tsirkiyoyi, amma da mata sun buga tulu, shi ke nan. Daga benci na uku sai dai ka ga hannunsa na motsi, ba ka jin komai.

Shugaban matasanmu, Yohanna, ya yi aiki a Funtuwa ya ga coci masu fiyano da janareto. Shi ya kai wa dattawa shawarar a kawo irin wannan, Kawu kuma ya huta. Ba mugunta ce ta sa shi ba, gaskiya ya faɗa, ba a jin jitar. Dattawa suka ce a bari a ga godiyar girbi tukuna: in baƙi sun zo an yi waƙa ba a ji Kawu ba, to a sallame shi cikin mutunci. Ba wanda ya gaya wa Kawu, kuma kowa ya san ya ji.

Wata rana da la'asar ina zaune a gindin rumbu da littafi, Mama na ɓarar gyaɗa, Kawu ya shigo ya zauna yana taya ta. Sun manta ina wurin (mutane kan manta da ni, ita ce ribar shiru).

"Saratu," in ji shi, "in sun ce in ajiye, zan ajiye. Ba zan yi gardama da kowa ba. Sai dai ban san abin da zan yi da hannuwana ranar Lahadi ba."

Mama ta ci gaba da ɓara. Ni kuwa, da ban taɓa tsoma baki a zancen manya ba, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Kawu, zan iya sa a ji ta."

"Da me, Akawu?" Mama ta tambaya.

Na ce akwai wata 'yar na'ura, amfilifaya, mai ɗaukar ƙaramin sauti ta mayar da shi babba, kuma ana iya haɗa ƙarama mai aiki da batirin tocila. Na ga ana yi a wayar salula, har na kwafi zanen a littafina da rula. Abin da ban faɗa ba shi ne, a duk rayuwata abin da na taɓa haɗawa bai wuce ƙwan tocila da batiri ɗaya ba.

Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Allah ya ba ka sa'a, ɗana." Da dariya ya yi da na sami hanyar janyewa. Bai yi ba. Kusan mako biyu ya rage a yi bikin.

Ranar Litinin na hau mota zuwa Funtuwa, wurin Malam Sani mai gyaran rediyo. Shagonsa ɗan lungu ne a cikin kasuwa, matattun rediyo jibge har rufi, shi kuma a tsakiya da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na gaishe shi, na kasa bayani, sai kawai na miƙa masa littafin a buɗe.

"Ikon Allah," in ji shi. "Kai ka zana wannan? Ai ko takardar kamfani ba ta kai shi tsabta ba. Me za ka ƙara wa murya?"

"Jita, Malam. Ta coci."

"Madalla. Zauna."

Ya tono mini kayan ɗaya bayan ɗaya: wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas da suke kira ayisi, wanda shi ne zuciyar aikin, da lasifikar tsohon rediyon mota, da maɓallin murɗa murya, da 'yan tarkace. Wayar jita ta ainihi, mai rigar ƙarfe a ciki, babu ita a ranar. Sai na ce a ba ni wayar fitila, kuma mai tsawo sosai, don kada ta gaza. (Ni kullum tsorona kada abu ya gaza. Ban taɓa tunanin abu na iya yin yawa ba.)

Malam Sani ya cire tabarau ya dube ni. "Ɗan makaranta, saurara. Wayar nan ba ta da kariya. In ta yi tsawo ta zama eriya, za ta jawo maka tashar rediyo cikin lasifika. Ka sa kayan a gwangwani, sannan ga wannan." Ya ɗora mini wani abu kamar ƙwayar wake mai ƙafa biyu a tafin hannu. "Kafasita ne. Ka liƙa shi a mashigar sauti, shi zai kori tashar. Ka gane inda za ka sa?"

Ban gane ba. A zanena wuri uku ne za a iya kira mashigar sauti. Amma mutum biyu na tsaye a bayana suna jira da rediyonsu, ɗaya har ya fara buga ƙafa, kuma yanzun nan aka gama yabon zanena. Ga wani abu kuma da nake jin nauyin faɗa: na saci kallon zanen, na ga babu ƙwayar waken nan a ciki. Wanda ya yi zanen mutumin ƙasar waje ne mai ɗakin gwaji. Malam Sani kuwa da zare aka ɗaure tabarau ɗinsa.

"Na gane, Malam," na ce. Na jefa ƙwayar a aljihu.

Aikin ya ci mini kwana goma sha biyu. Ba mu da wutar lantarki, saboda haka babbar ƙusa na samu na kafa mata ƙota, in tura ta cikin garwashin Mama har ta yi ja, in narka dalma da ita in liƙa ƙafa ɗaya, ta huce, in sake mayarwa. Kowa na gona ana yankan dawa, ni ina zaure ina ƙona yatsu. Duk ƙafar da na liƙa sai in yi mata alama a littafi. Abin da zai ɗauko sauti daga jikin jitar kuwa, wani ɗan faifan tagulla ne na ciro daga mataccen agogon bango mai kiɗa, na manna shi a ƙarƙashin tsirkiyoyi.

Da aka zo maganar mazubi na ambaci gwangwani, Kawu ya yamutsa fuska.

"Gwangwani? Ɗana, sautin gwangwani ai na wasan yara ne. Gurmi da goge da me ake yin su?"

"Da ƙwarya, Kawu."

"To."

Ban ce masa Malam Sani ne ya ce gwangwani ba. Ya kawo mini ƙwarya mai kauri, na huda wa lasifika ƙofa, na yi wa batura shida mazauni a ciki, na yanka katako zagaye na rufe bakin, na ɗaure shi da kusoshin murɗi guda shida. Shida, ba biyu ba, don kada ya motsa. Makunni kuwa ban sa ba, na ce in an murɗe murya ƙasa ai ya yi shiru. Amma na sami lokacin ƙona wa ƙwaryar zane a jiki, irin na kayan amarya.

Ranar Asabar da yamma, jajiberin biki, muka gwada a ɗakin Kawu, wayar a naɗe a ƙasa. Ya taɓa tsirkiya ɗaya da yatsansa mai ciwo, a hankali. Sautin ya fito ya cika ɗakin, kajin tsakar gida suka watse. Kawu ya tsaya cak. Ya sake taɓawa. Sai ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe tana nan."

A gwajin na gano abu biyu. Na ɗaya, na juya wayoyin maɓallin murya: in ka murɗa dama ragewa yake yi, in ka murɗa hagu ƙarawa, saɓanin kowane rediyo a duniya. Gyarawa na nufin sake kai ƙusa mai zafi kusa da ayisi, kuma ba ni da wani in ya ƙone. Sai na rubuta a littafi da manyan baƙaƙe, DAMA RAGEWA, HAGU ƘARAWA, na ja layi biyu a ƙasa. Na biyu, da Kawu ya fita kiran Mama ta zo ta ji, na kara kunnena a jikin ƙwaryar. Can ciki, nesa, wani mutum na magana, kamar daga ƙasan rijiya.

Na san ko mene ne. Na taɓa aljihu, ƙwayar waken na nan. Na ce wa kaina rediyon maƙwabta ne. Na leƙa, maƙwabta ba su dawo daga gona ba. Na ce wa kaina to ai ƙasa-ƙasa ne, ba mai ji. Tuwon ranar loma uku na yi. Na so in gaya wa Kawu, amma duk sa'ad da na buɗe baki sai in tuna fuskarsa lokacin da sautin ya fito, in rufe.

In ba ku taɓa ganin godiyar girbi a irin ƙauyenmu ba, kowane gida kan kawo daga abin da gona ta bayar a tara a gaban coci. Tun da hantsi gaban ya cika da dammunan dawa, masara, kwandunan waken suya, kabewa, ƙunshin auduga, da kaji ɗaurarru a ƙafa suna harare-harare. An gayyato babban fasto daga Malumfashi. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo taya murna kamar yadda aka saba, an jera musu benci a inuwa jikin taga, Alhaji Lawal mai unguwa a gaba. Ni kuma na sa sabuwar rigata mai faɗi, na mayar da ƙwayar waken aljihunta, sai ka ce laya.

Na zo da wuri na ajiye ƙwaryar kusa da kujerar Kawu, na naɗe rarar wayar na tura ƙarƙashin benci. Sai ga Baba Dogara. Shi ne dattijo mafi tsufa a cocin, shi ke buɗe ƙofa ya buga ƙarfen kira, kuma ba a taɓa ganinsa a gona babu rediyo rataye a wuyansa ba. Ya zunguri naɗin wayar da sandarsa.

"Wa ya bar waya a ƙasa?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da karatunka? Waya ba ta son ƙasa. Sama ake kai ta, jikin kwano, a nan take kamawa da kyau."

A ƙauyenmu wannan ba abin gardama ba ne. Duk mai rediyo ya san in murya ta yi rauni, waya ake ƙulla masa a kai ta jikin rufi ko kan gora. Baba Dogara gaskiya ya faɗa, in da rediyo na haɗa. Jimla ɗaya nake bukata: Baba, ba rediyo ba ne. Na shirya ta a bakina. Na dubi furfurarsa, na dubi matan da suka fara shigowa suna kallonmu.

"To, Baba," na ce.

"Hau bencin nan. Ga ƙusa can."

Da hannuna na warware wayar. Da hannuna na bi da ita jikin kwano, daga ƙusa zuwa ƙusa. Kuma da yake ni ne, ban yi aikin ganin ido ba: kowace ƙusa sai da na yi mata ƙulli biyu, na ja na tabbatar ba za ta kwance ba. Baba Dogara ya ce, "Yauwa, yanzu ka yi aiki."

Aka fara. Matan zumunta suka shigo a jere cikin anko, tuluna suka ɗauka, caki ya shiga. Kawu ya sunkuya ya taɓa jitar.

Aka ji ta. Ina so in rubuta wannan sosai kafin in kai ga abin kunyar, domin shi ma ya faru. Sautin ya bi ta saman tuluna ya kai har ƙofar baya. Mutanen bencin ƙarshe suka miƙa wuya. Yohanna ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Mama Tabita, shugabar matan zumunta, ta kusa sakin baitinta. Mamata ta sa gefen ɗankwali a ido. Kawu kuwa ya rufe nasa idon yana kaɗawa a hankali, yadda yatsunsa ke iyawa.

Ni kaɗai ne ban ji daɗi ba. Ina zaune a ƙarshen benci na biyu, kuma duk sa'ad da waƙa ta ɗan numfasa ina jin mutumin nan. Ya hauro daga ƙasan rijiyar, yanzu yana bakinta. Gumi ya jiƙa mini baya. Na yi ta roƙon Allah kada a yi shiru, a yi ta waƙa har a tashi.

Babban fasto ya miƙe ya ɗaga hannu. "Jama'a, kafin mu miƙa amfanin gonar nan, kowa ya rufe ido ya gode wa Ubangiji a zuciyarsa. Mu yi shiru."

Aka yi shiru, irin wanda ake jin motsin kaza a cikinsa. Sai ga 'yar murya ƙasa-ƙasa daga wajen Kawu, guna-guni kawai, ba a gane kalmomin. 'Yan bencin gaba ne kaɗai suka ji. Baba Dogara ya buɗe ido ɗaya. Da na zauna inda nake, wataƙila da an ɗauka wani ne addu'arsa ta fito fili, a wuce wurin.

Ban zauna ba. Na sulale ƙasa, na rarrafa tsakanin dammunan dawa, na kai ga ƙwaryar, na kama maɓallin. Na ja layi biyu a ƙarƙashin abin da na rubuta, amma littafin na gida, hannuna kuma tun yana ƙarami ya san yadda ake rage rediyo. Na murɗa hagu.

"...cikinka na kumbura in ka ci wake?" in ji ƙwaryar, da murya irin ta mai talla a tashar mota, wadda ta kai har bencin Alhaji Lawal a waje. "Kana zaune cikin mutane kana matsewa, kana gumi, ka rasa yadda za ka yi? Ɗan'uwa, daina wahalar da kanka."

Na ƙara murɗawa. Hagu. Har ƙarshe.

"Cokali ɗaya da safe, cokali ɗaya da yamma..."

Na nemi makunni, na tuna ban sa ba. Na nemi cire batiri, na ci karo da kusoshina shida. Abin da ya zo mini shi ne in toshe mata baki. Na ɗaga rigata na cusa ƙwaryar a ciki, na rungume ta a jikin cikina, na miƙe zan gudu waje. Taku uku na yi wayar ta tsayar da ni. Ƙulli biyu-biyu, ni na yi su.

To ga ni nan. Tsaye a gaban coci tsakanin kabewa da kaji, ina fuskantar jama'a, cikina ya yi tulu a ƙarƙashin sabuwar riga, waya ta fito ta wuyana ta hau rufi, kuma daga cikin nawa wani mutum na bayani dalla-dalla a kan basir da tsutsar ciki. Idanu suka riƙa buɗewa benci-benci. Ni da ba na iya amsa sunana a aji.

Da farko ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai muni. Babban fasto ya riƙe idonsa a rufe, amma kafaɗunsa na rawa. Sai wata tsohuwa daga baya, wadda kunnenta bai cika ji ba amma wannan ta ji shi sarai, ta ce da iyakar gaskiyarta, "Ku bar shi ya faɗi inda ake sayarwa."

Alhaji Lawal ne ya fara fashewa daga waje. Daga nan cocin ya tafi gaba ɗaya. Matan zumunta suka kifa kai a kan tuluna. Kaji suka ɗauki kuka. Fasto ya ce "Amin" sau uku, ba wanda ya ji.

Kawu Ishaya ne ya tashi, ba gaggawa. Ya jingine jitar, ya zaro 'yar wuƙar da yake fere rake da ita, ya kama wayar a daidai wuyana ya yanke. Mutumin ya yi shiru a tsakiyar kalma.

"Je ka sha iska, ɗana," in ji shi a hankali.

Na fita da ƙwaryar a cikin riga, don ban tuna in cire ta ba. Na zagaya bayan coci na zauna a gindin darbejiya. Ba dariyar ce kaɗai ke cina ba. Na san bayan an tashi dattawa za su zauna kan maganar Kawu, kuma na ba Yohanna hujjar da bai ma nema ba. Mutum ya ba ni amanar abu ɗaya da ya rage masa, na mayar da shi abin dariya a gaban baƙi.

Na ji an yi waƙar rufewa da tuluna kaɗai. Na ji an watse ana rabon abinci. Can sai ga Kawu da kwanon shinkafa a hannu. Ya zauna a kan saiwa kusa da ni.

"Kawu, na kunyata ka."

"Ni? Ai ba cikina ne ya yi magana ba." Ya turo mini kwanon. "Ka ji ta kuwa? An ce har bakin ƙofa aka ji."

"Dattawa fa?"

"Sun zauna. Yohanna ya ce abin gida ba shi da tabbas, gara na kamfani. Sai Tabita ta ce sun daɗe suna waƙa ba jita, yau sun ji ta, kuma matan zumunta ba za su bi fiyano ba ina da rai. Dogara ma ya sa baki. Ya ce bai taɓa ganin rediyon da ya kama tasha tsaf haka ba, wanda ya iya jawo ta ba zai kasa korar ta ba. Sun ba ka zuwa Lahadi mai zuwa."

Sai na zaro ƙwayar waken daga aljihu na gaya masa komai: gwangwani, mutumin rijiya, da abin da na kasa faɗa wa Baba Dogara. Ya juya ta a tafin hannu.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi, Kawu."

"Kuma tambaya ɗaya ce ta gagara?"

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na koma Funtuwa. Labari ya riga ni, 'yan acaɓa sun kai. Ina shiga Malam Sani ya ce, "Dakta, sannu da zuwa." Ya miƙo tafin hannu, na ɗora masa ƙwayar. Mutum uku ke jira a bayana wannan karon. Na buɗe littafi na ce, "Malam, ban gane inda ake sawa ba. Ran nan ma ban gane ba." Ya nuna mini da tsinken ashana. Wuri biyu ne kusa da juna, liƙin bai kai lokacin shan kofin shayi ba. Ya shimfiɗa wa cikin ƙwaryar fallen gwangwanin madara, ya samo mini wayar jita ta gaske, gajera, ya juya maɓallin murya ya koma irin na mutane, ya huda gefe ya sa makunni ja babba, wanda ko a firgice hannu ba zai rasa shi ba. Tambaya goma sha ɗaya na yi masa a ranar. Suna nan a rubuce.

Kawu yana kaɗa jitarsa har yanzu a kujerarsa ta gaba, ƙwaryar a gefen ƙafarsa. Wayata ta farko kuwa tana nan jikin rufin coci. An yi an yi an kasa kwance ƙullin, Baba Dogara kuma ya hana a yanke, wai wata rana za ta yi amfani.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunyar ba ta tafi ba, har yau kunnuwana na zafi in zan yi tambaya. Sai dai yanzu in na ji bakina zai ce "na gane" alhali ban gane ba, nakan tuna na taɓa guje wa idon mutum biyu a shagon Malam Sani, na je na tsaya a gaban gari guda da ƙwarya a cikin riga. Sai in ɗaga hannu. Kuma duk abin da na haɗa tun daga ranar, ko fitilar karatu ce, makunni nake fara sa masa, a waje, inda hannu zai kai.